Yadda ake ɗaura kaskon mai da gasket idan za a dasa injin LS a tsohuwar Chevrolet

A Amurka akwai mutanen da ba su da abin so kamar su samo motar shekarun 1960 ko farkon 1970, irin su Chevelle, Nova, Camaro ko a-kori-kura C10, su tuge tsohon injinta mai kafireto, su dasa mata injin zamani wanda ake kira LS, na kamfanin GM mai ƙera Chevrolet. Wannan dangin inji ya fara fitowa ne a 1997 cikin Corvette, ya shiga Camaro da Firebird a 1998. Daga 1999 ya shiga Silverado, sannan Tahoe da Suburban, da girman lita 4.8, 5.3 da 6.0. Yawansa ne ya sa ya yi arha a wuraren sayar da kayan gawar mota, kuma mai lita 5.3 shi aka fi ɗauka.

Matsalar farko da mai wannan aiki zai ci karo da ita ba wayoyin lantarki ba ne, ba kwamfutar inji ba ce. Kaskon mai ne, wannan tukunyar da ke ƙarƙashin inji wadda baƙin mai ke taruwa a ciki. Injin ya fito daga babbar mota mai tsayi, za a sa shi a mota mai kwanciya ƙasa, sai kasko ya ce bai san zancen ba.

Kafin a taɓa sifana, akwai abin da ya kamata a fahimta. A tsohon injin Chevrolet, wanda ya samo asali tun 1955, kaskon gwangwani ne kawai, murfi ne na tare mai. Ko ka ɗaura shi a ɗan karkace, iyaka ya yi yoyo. A injin LS ba haka ba ne. Kaskon na alminiyum ne mai kauri, yana ƙara wa ƙasan bulok, wato gangar jikin inji, ƙarfi, giyabos yana ɗaure a jikinsa da noti biyu, filtar mai ma a jikinsa take. Man da famfo ya turo yana gangarowa daga bulok ya ratsa ta cikin gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kasko da bulok mai hana yoyo, ya shiga filta, ya sake ratsa gasket ɗin ya koma sama. Ke nan wannan gasket ba ɗigar mai kaɗai yake tarewa ba, mai mai ƙarfin turi yana bi ta cikinsa. Wanda ya ɗauki aikin da tunanin tsohon inji zai sha mamaki.

Zaɓen kasko

Kaskon da ke zuwa da injin Silverado ko Tahoe yana da zurfin da ya haura inci 8. A Chevelle zai leƙo ƙasa da ƙarfen shasi da ya gitta ƙarƙashin inji, ya zama shi ne abu na farko da zai gaisa da tudun titi. Alminiyum kuma ba ya lotsewa kamar gwangwani, fashewa yake yi. Dutse ɗaya ya isa ya zubar da man gaba ɗaya a kan hanya.

Don haka yawanci canza shi ake yi. Na Camaro ƙirar 1998 zuwa 2002 ya daɗe yana ceton mutane domin zurfinsa wajen inci 5 da rabi ne, amma cikinsa ya miƙo gaba da yawa, a wasu motocin sai an yanka ƙarfen shasi ko an ja injin baya. GM tana sayar da nata na musamman domin tsofaffin motoci, sai dai shi ma yana ɗan rataya ƙasa. Kamfanin Holley yana da masu lamba 302-1, 302-2 da 302-3, waɗanda aka ƙera domin wannan dashe, kuma bambancinsu yana gaban kaskon ne, wurin da ya ratsa saman ƙarfen shasi da sandunan sitiyari. A ganina, idan aljihu zai iya, sayen kaskon da ya dace ya fi yanka shasin motar da ta haura shekara 50. Kasko ana sake saya, shasin asali kuwa in an yanka an yanka.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka saye shi shi kaɗai. Kasko yana tafiya ne da iyalinsa: bututun da ke zuƙo mai daga ƙasa wanda ke da rariya a bakinsa, farantin ƙarfe mai hana mai fantsama wanda ke zama ƙarƙashin karanshaf (babban sandan da ke juyawa a ƙasan inji), da gejin duba mai tare da bututunsa. Bututun zuƙo na babbar mota ya yi wa kaskon Camaro tsawo, na Camaro ya yi wa kaskon babbar mota gajarta. Haɗa na wannan da na wancan shi ne hanya mafi sauri ta kashe inji.

Kayan da za ka tanada

Sabon gasket. Na GM lambarsa 12612350, farantin alminiyum ne da aka zagaye da roba. Kada ka mai da tsoho, ko ya yi kyau a ido. Sabon zoben roba na bakin bututun zuƙo. Gam na silikon mai jure baƙin mai, ƙaramin tiyub ya isa har ya yi saura. Sifanar awo, wadda ke ƙara idan an kai ƙarfin da aka saita, kuma a samu wadda ke iya auna ƙaramin ƙarfi kamar Nm 12 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti). Rula ta ƙarfe madaidaiciya da fila geji, wato siraran ƙarafan auna ƙaramar tazara. Ɗan curin laka irin ta wasan yara, tef na takarda, maganin wanke birki na feshi, tsummoki marasa zubar da zare, da abin kankara na roba. Sai sabuwar filta da mai 5W-30.

A kula da filta. Kasaken farko-farko zaren mazaunin filtarsu daban ne da na waɗanda suka fito daga 2007, masu zaren M22. Kasko ake saya wa filta, ba inji ba.

Mataki na farko: gwaji ba gam

Wannan shi mutane suka fi tsallakewa saboda ɗoki. Tsiyaye man, cire tsohon kasko da bututunsa (bayanin kwancewa yana mataki na biyu), ɗaura sabon kaskon a jikin inji da noti huɗu kawai, ba gam, tsohon gasket ma ya wadatar a nan. Haɗa giyabos. Sauke injin a hankali cikin motar ya zauna a kan kujerunsa, ka sa notin kujerun. Sannan ka duba.

Tsakanin kasko da ƙarfen shasi ya zama yatsa yana shiga a sake, wajen santimita 1 zuwa 1 da rabi, domin inji yana jijjiga kuma robar kujera tana zama da daɗewa. Ka sa wani ya murɗa sitiyari zuwa ƙarshen dama, ya dawo ƙarshen hagu, kai kana kallon sandunan sitiyari. A Chevelle nan ne aka fi samun gogayya, kan tayirod na ciki ya daki kusurwar kasko idan an karya kan mota gaba ɗaya. Kuma a yi wannan gwajin nauyin motar yana kan tayoyinta, domin idan tana rataye sandunan ba sa zama inda suke zama a kan titi. Daga nan ka ɗora rula a ƙarƙashin ƙarfen shasi ka ga ko kasko ya leƙo ƙasa da shi.

Idan abu ya taɓa, dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya ɗaga injin sama kaɗan. Ana yi, amma da iyaka. Kana ɗagawa saman inji na matsar bonet, giyabos na matsar ƙasan bodi, kuma kwanciyar inji, wadda ake so ta gangara baya da kamar digiri 3, tana sauyawa har mota ta riƙa rawa a guje.

Maganar tsaro ɗaya: inji yana rataye a sarƙa ba a shiga ƙarƙashinsa, kuma mota ba ta tsayawa a kan jak kaɗai ko a kan bulo. A sa mata ƙafafun ƙarfe.

In komai ya yi, fitar da injin, raba shi da giyabos, ɗora shi a kan abin riƙe inji, ka juya cikinsa sama. Ana iya yin sauran aikin a kwance ƙarƙashin mota, amma wanda ya taɓa yi da mai na ɗiga masa a ido ba zai so maimaitawa ba.

Mataki na biyu: kwancewa da wankewa

Kwance notin kasko. Za ka ga guda biyu na can baya dogaye ne kuma sirara, ka ware su gefe, za mu dawo kansu. Idan kaskon asali ne na kamfani, gasket ɗin a maƙale yake da ribit, an sa su ne don sauƙin haɗawa a masana'anta. A huda su da diril a cire, ba sai an mayar ba. A tabbata dai burbushinsu bai faɗa cikin hanyar mai ba.

Cire bututun zuƙo da farantin. Kafin ka wanke komai, leƙa cikin tsohon kaskon da rariyar bututun, domin a nan injin da ka saya zai faɗa maka gaskiyar da mai sayarwa bai faɗa ba. Baƙin dagwalo kaɗan ba komai. Amma idan ka ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya ko tagulla, metal, wato bakan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, ya fara ci, sai ka dakata da maganar kasko ka buɗe ka duba.

Leɓen bulok inda gasket zai kwanta sai ya fita tas. Yi amfani da abin kankara na roba. Kada ka sa faifan gurza na inji, domin yana cin alminiyum ya bar kwari, kuma yashinsa yana shiga inji ya zauna a metal. Rufe karanshaf da tsumma kafin ka fara. Tsohon gam da ke kusurwoyi huɗu a ƙwaƙule shi duka. Ramukan noti a hura musu iska, domin ramin da mai ya cika yana ba da awon ƙarya, wani lokaci har ya tsaga ƙarfe. A ƙarshe fesa maganin wanke birki a tsumma ka goge har tsumman ya daina baƙi.

Sabon kasko ma ana wanke shi. Yakan zo da burbushin aikin masana'anta a cikin hanyoyin filta. Na hannu kuwa sai an cire farantin da ke cikinsa an wanke ƙarƙashi.

Akwai wani abu da ake dubawa a nan wanda da yawa ba su sani ba. Leɓen da kasko ke kwanciya a kai ba ƙarfe ɗaya ba ne, uku ne: bulok a tsakiya, murfin gaba, da murfin baya. Idan an taɓa cire murafan, ɗora rula ka auna. Kowane murfi ya zama daidai da leɓen bulok, ko ya yi ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 0.5 ba. Idan murfi ya ɗara bulok tsawo, gasket zai hau kansa ya bar kafa a gefe, kuma duk gam ɗin duniya ba zai toshe ta ba.

Mataki na uku: faranti da zoben roba

Ɗora farantin hana fantsama a kan kusoshin da suka fito daga murafan metal. Yana da gaba da baya, a duba alamar da ke jikinsa. Wasu kasake na dashe suna buƙatar a yanke wani sashe na farantin ko a sa irin na Camaro, takardar da ta zo da kaskon za ta nuna. Sa notinsa da hannu tukuna, ka bar wanda ƙafar bututun zuƙo za ta hau.

Yanzu mun zo kan ɗan abin da bai kai zoben yatsa biyu ba amma shi ne ran aikin. Famfon mai na LS yana can gaba, a kan hancin karanshaf, man kuwa yana taruwa a baya. Famfon yana zuƙo shi ne ta dogon bututu, kamar mai shan fura da tsinken roba. Ka san idan tsinken ya tsage a sama, iska za ka yi ta sha. Zoben robar da ke bakin bututun, inda ya shiga famfo, shi ne ke hana iskar shiga. Idan ya tsage, ko ya ninke, ko aka sa siriri inda ake son kakkaura, famfo zai riƙa haɗa mai da iska. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, domin ba fita mai yake yi ba, iska ce ke shiga.

Zoben iri-iri ne, akwai mai kauri akwai siriri, kuma siffar bakin bututun ce ke nuna wanda ya dace, ba shekarar inji ba. Mutane suna kiran su da launi, wannan kore, wancan ja, wancan shuɗi ko baƙi, amma launi yana bambanta tsakanin masu ƙerawa, don haka ni ban dogara da shi. Idan bututunka ya zo da zobensa, shi za ka sa. In ba haka ba, hannu ne alƙali: wanda ya dace sai ka ɗan danna kafin ya shige, ka ji ya kama. Wanda ya faɗa ciki salin-alin ya yi siriri. Wanda ya ƙi shiga sam ya yi kauri.

Yadda ake sa shi: shafa masa sabon mai, zura shi a kan bututun, ba a cikin ramin famfo ba. Riƙe bututun ya miƙe sosai da ramin, ka tura da hannu har leɓensa ya kwanta a jikin famfo ba tazara. Sai bayan ya kwanta za ka sa noti. Kada ka taɓa amfani da notin wajen jawo bututun ciki. Noti ɗaya ne a gefe ɗaya, yana jan bututun a karkace, bakin ramin ya yanki robar kamar reza.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Yamma ta yi, ina sauri, bututun ya rage kamar kaurin farce bai zauna ba, na ce noti zai ƙarasa. Ya ƙarasa kuwa. Da aka ta da inji da sanyi allurar agogon ƙarfin mai ta hau lafiya. Minti goma sha biyar da ya yi zafi sai ta fara rawa tana saukowa, saman inji ya ɗauki ƙas-ƙas-ƙas. Sai da muka sake ɗaga injin daga kujerunsa. Da na zaro bututun, ga zoben nan an ɓantare masa gefe, ɗan guntun da ya fita bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kwana biyu na aiki a kan ƙwayar shinkafa.

Notin bututu a jikin famfo ana ɗaure shi Nm 12. Notin faranti da na ƙafar bututun Nm 25. Bayan nan sa sifana a notin gaban karanshaf ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, kana sauraro. Ko ƙaramin ƙarar gogar ƙarfe ka ji, nemo inda kwanrod, sandan da ya haɗa fistin da karanshaf, ke taɓa farantin.

Mataki na huɗu: awon laka

Bakin bututun zuƙo yana buƙatar tazara daga gindin kasko. In ya matse ƙasa, mai ba zai samu hanyar shiga ba. In ya yi sama da yawa, da ka taka birki ko ka sha kwana mai ya tuttule gefe, sai ya zuƙi iska. Abin da ake nema milimita 6 zuwa 10. Ido ba ya ganin wurin idan an rufe, shi ya sa ake aika laka ta gano.

Manna tef a kan rariyar don kada laka ta shiga. Ɗora curi kamar girman goro a kai. Shafa ɗan mai a gindin kaskon daidai wurin don kada ta manne a can. Sa sabon gasket, domin kaurinsa yana cikin lissafi, kifa kaskon, ɗaure noti huɗu ko shida a hankali. Kwance, ɗaga kaskon tsaye. Lakar ta baje, sai ka yanka ta da wuƙa ka auna kaurin tsakiya. Idan awon ya kauce da kaɗan, ana iya gyara ƙafar bututun. Idan ya kauce da yawa, bututun ba na kaskon ba ne, kada ka tanƙwara shi da ƙarfi, walda ce za ta tsage.

Cire lakar, cire tef. Na sake faɗa, cire tef.

Mataki na biyar: gam, a wuri huɗu kacal

Mu makanikai muna da son gam, daga Kano har ko'ina. Wanda ya saba dasa injin Beljiyam a tsohuwar 504 ya san yadda ake lafta shi kamar ana shafa wa burodi bota. A wannan gasket ba a yin haka. A bushe ake sa shi. Robar da ke jikinsa ita ce ke toshewa, farantin alminiyum kuma yana hana a matse ta fiye da kima. Idan ka shafe shi da gam, robar za ta zame, kuma rarar da ta ɓullo ta ciki za ta yanke ta faɗa cikin mai, ta je ta toshe rariyar da ka gama wahalar aunawa.

Inda ake sawa shi ne mahaɗa huɗu: biyu a gaba inda murfin gaba ya haɗu da bulok, biyu a baya inda murfin baya ya haɗu da shi. A kowace, ja layin gam mai kaurin milimita 5 da tsawon milimita 20, daidai kan tsagar. Wurin ya zama a bushe, ba maiƙo. Da ka sa, kada ka tafi amsa waya. Silikon yana fara yin fata cikin 'yan mintuna, in ya yi fata ba zai kama ba. Saboda haka kasko, gasket da noti su kasance a jere kusa da hannu tun kafin ka buɗe tiyub.

Mataki na shida: kifawa, daidaitawa, ɗaurewa

Ɗora gasket ka tabbata ramukansa biyu na hanyar mai sun hau daidai kan na bulok, a baya ta ɓangaren filta. Kifa kaskon tsaye daga sama, kada ka ja shi a kan gam. Sa dukkan noti da yatsu, kowane ya shiga zare lafiya, sannan ka ɗan matsa su yadda kaskon zai iya motsi in an buga shi da tafin hannu.

Sai daidaita baya. Fuskar bayan kasko da fuskar bayan bulok su ne giyabos ke kwanciya a kai, don haka dole su zama layi ɗaya. Gitta rula a kan fuskar bulok ta sauko kan ta kasko, dama da hagu. Kaskon ya zama daidai, ko ya shige gaba da abin da bai wuce milimita 0.25 ba, fila geji zai nuna maka. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne kasko ya leƙo baya ya wuce bulok. In ya leƙo, giyabos zai zauna a karkace. In kuma ya shige gaba da yawa, notin giyabos zai jawo shi da ƙarfi, kunnen kasko ko na giyabos ya tsage. Wanda yake aikin alhali giyabos na jikin inji, sai ya sa notin giyabos biyu na ƙasa ya ɗan matsa su da hannu, su za su jawo kaskon wurin zamansa kafin a ɗaure sauran.

Ɗaurewa daga tsakiya ake farawa, ana tsallakawa dama da hagu, ana fita zuwa gaba da baya. Yi zagaye biyu, na farko rabin ƙarfi, na biyu cikakke. Manyan noti masu shiga bulok da murfin gaba Nm 25. Dogayen nan biyu sirara masu shiga murfin baya Nm 12 kawai.

A nan ne ake yawan kuka. Littattafan Amurka suna rubuta manyan 18 lb-ft, siraran kuma 106 lb-in. Wanda bai lura da haruffan ƙarshe ba sai ya ga 106 ya saita babbar sifana. Alhali ma'auni biyu ne daban, 106 lb-in bai kai 9 lb-ft ba. Notin zai karye tun kafin ka kai ko'ina, guntunsa ya zauna a cikin murfin baya na alminiyum, kuma cire wannan murfin yana nufin raba inji da giyabos. Ko da hannu kake ɗaurewa, waɗannan biyun da 'yan yatsu ake bi da su.

Bayan an gama, sake gitta rula a baya, domin kasko yakan gusa yayin ɗauri. Notin giyabos biyu na ƙasa, idan lokacinsu ya zo, Nm 50 ne.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa

Sama da mazaunin filta akwai ɗan murfi mai noti biyu da nasa ƙaramin gasket, inda bututun sanyaya mai ke haɗuwa a manyan motoci. Sabon kasko wani lokaci yakan zo ba a ɗaure shi ba. Nm 12 ne shi ma, kuma mai mai ƙarfi ne a bayansa, in ka manta shi za ka wanke garejin da mai cikin daƙiƙa kaɗan. Idan kaskon yana da ramin na'urar auna yawan mai kuma ba za ka yi amfani da ita ba, toshe shi. Notin juye mai Nm 25. Bututun geji yana shiga jikin bulok ne ta ɓangaren fasinja, da nasa ɗan zoben roba, kuma ya fi sauƙi a sa shi kafin a ɗaura bututun hayaƙi.

Ka bar gam ya kwana kafin ka zuba mai.

Tayarwar farko

Tsohon injin Chevrolet ana cire distiributa a zura sanda a juya famfon mai da diril har mai ya zagaya. LS ba shi da distiributa, famfonsa kuma sai karanshaf ya juya yake juyawa. Hanya mafi kyau ita ce tankin turi: a cire toshiyar hanyar mai da ke gefen bulok ta gaba, ɓangaren direba, a tura mai ta nan har ya fito a saman inji. Wanda ba shi da tankin, ya cika filta da mai kafin ya ɗaura, ya cire filogi duka takwas, ya cire fis na famfon fetur da wayar koyil, ya riƙa ba da kik na daƙiƙa 10 zuwa 15 yana hutawa, har allurar mai ta motsa. A sa agogon awo na gaske mai bututu a mazaunin na'urar awon ƙarfin mai da ke bayan inji ta sama. Agogon dashbod na motar 1970 ba abin da za a ba wa amanar sabon inji ba ne.

Zuba adadin man da mai kaskon ya rubuta, ba wanda littafin Silverado ya ce ba. Ta da inji. Idan daƙiƙa biyar suka wuce allura ba ta tashi ba, kashe. In ta tashi, bar shi ya yi zafi sosai, domin zoben da ya tsage da zafi yake tona kansa. Mafi ƙarancin da GM ta yarda da shi a inji mai zafi shi ne psi 6 (psi ma'aunin ƙarfin turin mai ne) a juyi 1,000 cikin minti ɗaya, psi 18 a juyi 2,000, da psi 24 a juyi 4,000. Wannan ƙasan layi ne, lafiyayyen inji yana wuce haka nesa, kuma allurarsa a tsaye take ba ta rawa.

Kashe shi, jira minti goma, zaro geji motar tana tsaye a wuri mai daidai, ba gangara. Inda man ya tsaya, nan ne cikarsa a wannan kaskon. In bai yi daidai da alamar da ke jikin gejin ba, ɗauki zarto ka yi sabuwar alama a wurin.

Shimfiɗa farin kwali ƙarƙashin motar ta kwana. Da safe in ka ga ɗigo, kada ka yi saurin zargin gasket. Goge wurin, haska tocila daga sama ka biyo sawun man. Na'urar awon mai da ke bayan inji, murfin baya da marfin saman inji duk kan kusurwar kasko suke zubarwa. Idan ka tabbatar daga mahaɗar kusurwa yake fitowa, ƙara ɗaure noti ba zai tsayar da shi ba, farantin gasket ya riga ya kai iyakarsa. Sai dai a sauke kaskon, a kankare gam, a sa sabon gasket.